Amanar da Baba Ya Kai Saida

Tun da muka dawo daga Labanan ƙawayena suka hana ni sakat. Wata ta ce in ba ta labarin dusar ƙanƙara, wata ta ce na teku, Nafisa kuwa so take ta ji ko da gaske ne matan can sun fi kowa iya ado. Kullum sai in ce tafiya ta yi kyau, in miƙa musu sabulun da na kawo tsaraba, alhali na san ban faɗa musu komai ba. To ga shi na zauna na rubuta, duk wadda ta sake tambayata sai in ba ta ta karanta. Tun yanzu in faɗa, ban ga ƙanƙara ba. Kwana biyar muka yi ni da Babana a wani tsohon gari na bakin teku, sunansa Saida.

Babana mai haƙa kabari ne a ɗaya daga cikin maƙabartun Jidda, fiye da shekara talatin yana wannan aiki. Kakanninmu Hausawa ne da suka taso hajji suka yada zango a Sudan, shi ya sa fasfonmu na can ne. Ni a Karantina aka haife ni, can muka zauna har aka rushe unguwar muka koma Khumra. Ina ƙarama Innata tana yi wa wata 'yar Labanan aiki a Hindawiyya, sunanta Sitti Wafa, mijinta Ustaz Nadim malamin tarihi ne. A hankali aikin ya koma zumunci. Har yanzu ina ganinsu su biyu zaune a ƙasa suna naɗe shinkafa a ganyen inabi, Inna tana koya mata gaisuwar Hausa, ita kuma tana cewa wannan gaisuwa ba ta da ƙarshe. Ina shekara bakwai Sitti Wafa ta rasu. Baba ne ya saka ta a kabari da hannunsa.

Kun san kabari a nan ba ya ɗauke da suna, mu mata kuma ba ma bin gawa. Ranar jana'izar Ustaz ya riƙe hannun Baba ya ba shi amana biyu: ya riƙe wurin a ransa, kuma kada ya bari a taɓa ta. Baba ya ce muddin yana numfashi. Layi na huɗu, kabari na bakwai daga bango. Ustaz ya koma garinsu da 'yarsa Salma, amma kowace Salla sai ya bugo waya. Bayan gaisuwa tambayarsa ɗaya ce, Wafa fa? Baba kuma amsarsa ɗaya ce, tana inda ka bar ta.

Bana Salma ta aiko mana da gayyata. Ta ce idanun mahaifinta suna gab da rufewa, yana so ya ga Abu Ramla kafin nan. Ramla ni ce. Wata biyu muka yi muna zirga-zirgar takardu, sabunta iƙama wato takardar zama, sa hannun kafili wato ubangidan da ya tsaya mana, bizar fita da dawowa, bizar shiga. Duk lokacin da wata takarda ta maƙale sai in ga fuskar Baba ta saki, kamar an sauke masa kaya. Na ɗauka tsoron jirgi ne, don shi ta ruwa ya shigo ƙasar nan yana saurayi, bai taɓa barin ƙasa da ƙafarsa ba.

Sai da jirgi ya daidaita a sama, ya saki hannun kujerar da ya damƙe, sannan ya juyo ya yi mini magana da Hausa ƙasa-ƙasa.

“Ramla, an buɗe kabarin nan. Yau shekara huɗu.”

Ya ce haka tsarin aikin yake. In maƙabarta ta cika sai a koma kan tsofaffin layuka, a buɗe, a tattara abin da ya rage a gefe, a saka sabuwar gawa. Babu wanda zai hana, balle shi lebura. Ya ce shekara huɗu yana ba bawan Allah rabin gaskiya ta waya, kuma ba zai mutu da sauran rabin a cikinsa ba. Abin da zai kai shi Saida ke nan. Na tambaye shi wa aka saka a ciki. Ya kalli gajimare ya ce wata baiwar Allah ce. Ban sake tambaya ba. Na riƙe hannunsa, hannun nan mai kaushi kamar bawon itace, har muka sauka.

A filin jirgin Beirut abin da ya fara tsayar da mu yaji ne. Baba ya ƙullo yajin agashe, irin tsiren Sudan, a leda uku, don Ustaz yana son gasasshen namansa tun a Jidda. Mai duba kaya ya kwance ƙulli ɗaya ya kai hanci, Baba yana cewa a hankali, a hankali. Atishawa bakwai na ƙirga. Da idanunsa suka buɗe sai ya yi dariya ya ce mu ɗauki makaminmu mu wuce.

Muna fitowa wata mata mai gilashi a ka ta nufo ni da takarda a hannu, ta kama jakata ta ce yalla, in yi sauri, na sa ta jira. Ta ɗauka ni ce 'yar aikin da take dako. Na amsa mata da Larabcin makaranta cewa ni baƙuwa ce, ga mahaifina. Kunya ta kama ta, ta yi ta ba da haƙuri. Ban ji haushinta sosai ba. Abin da ya tsaya mini shi ne yarinyar da ake nema ɗin, tana can jikin ginshiƙi da 'yar jakarta a ƙirji, tana kallonmu. Na yi mata murmushi, ta sunkuyar da kai. Na tuna Inna, Allah ya ji ƙanta.

Salma ce ta ɗauke mu. Rabona da ita tun muna rabon alewa, yanzu ta zama likitar haƙori mai tuƙi kamar ana binta. Teku na hannun dama, gonakin ayaba na hagu, Baba na baya yana salati. A wani shinge soja ya leƙo, ya ga farar hular Baba da carbi, ya ce Hajji ya sa shi a addu'a, ya ɗaga mana hannu.

Gidansu yana cikin tsohon gari, inda lunguna suke da rufi, wayoyin lantarki kuma sun cukurkuɗe a sama kamar gashin da ba a taje ba. Mota ba ta shiga. Muka hau matakala mai duhu, a samanta Ustaz yana tsaye da sanda, ya tsufa, ya ƙanƙance. Su can sau uku suke sumbatar kumatu. Baba ya tsaya a na biyu, Ustaz ya taho da na uku, hanci ya gamu da hanci. Suka yi dariya har suka koma kuka, suna riƙe da juna. Ni kuma ya shafa fuskata da yatsunsa ya ce ashe Ummu Ramla ta bar hotonta a duniya.

Ɗakin da aka ba ni tagarsa tana kallon tashar masunta. Wuta tana ɗaukewa ta dawo sau da yawa a yini, babu mai ɗaga kai, ana ci gaba da hira. Abinci kuwa, a nan muka sha kallo. Ranar farko aka ajiye faranti na jan nama da aka daka da alkama, an zuba masa man zaitun da na'ana'a, ɗanye shar. Baba ya leƙa, ya leƙa, ya tambaye ni da Hausa ko gas ɗinsu ne ya ƙare. Na kusa shaƙewa don dariya. Ustaz ya matsa sai an fassara masa, da ya ji kuwa ya buga sanda a ƙasa don dariya. Ƙarshenta Baba ya nemi gawayi, ya mulmula naman ya barbaɗa yaji ya gasa a baranda, har maƙwabta biyu suka hauro bin ƙamshi. Da safe kuma kunafa mai zafi, wani kayan zaƙi mai cuku, suke cusawa cikin burodi su kira shi karin kumallo. Wannan kam na karɓe ta hannu biyu.

Rana ta biyu Alhamis ce. Na lura da fararen takardu manne a bangon lunguna, kowace da sunan wanda ya rasu da sunayen danginsa kaf. Da la'asar Salma ta ce mu raka ta kabarin kakarta. Ni 'yar mai haƙa kabari, ranar na fara taka cikin maƙabarta. Kowane kabari da farin dutse da suna da shekara. Mata suna zaune a gefe suna karatu, wasu suna wanke dutsen da ruwa, suna soka wani ganye mai ƙamshi da suke kira rihan. Wata tsohuwa tana ba mijinta labarin auren jikarsu, har da ƙorafin dangin ango. Baba yana ta duba aikin da idon sana'a, yana auna faɗi da taku. Sai Salma ta ce abin da ya fi yi mata ciwo shi ne ba ta da inda za ta kai wa mahaifiyarta ganye, amma hankalinta a kwance yake tunda Ammu, wato Baba, yana gadinta. Baba ya sunkuya yana gyara takalmin da babu abin da ya same shi. Na tsinki reshen rihan ɗaya na saka cikin littafina, ban san wa zan kai wa ba. Ni ma ban san inda kabarin Inna yake ba, ban kuma taɓa tambaya ba.

Ustaz ba ya iya shan gahawa ba tare da sarakunan Saida ba. Ya ce tun kafin Annabi Isa da ɗaruruwan shekaru garin nan yake da sarakunansa, mutanen da ake kira Finiƙawa, masu jiragen ruwa da rinin shunayya da suke samu daga katantanwar teku. Sarakuna ne a gida, amma a ƙarƙashin babban sarkin Farisa suke, shi ke kira su amsa da jiragensu. Sunayensu suna da nauyi a harshe. Baba ya gwada sau biyu ya haƙura, ya raɗa musu nasa. Akwai Sarki Maraya, wanda ya hau gado yana yaro ya mutu bai yi gemu ba. Akwai Uwar Maraya, wadda ta riƙe garin a madadinsa. Akwai kuma uban yaron, shi Baba ya sa wa Sarki Kar-a-taɓa. Ustaz ya ji daɗin sunayen har ya koma kiran su da su.

Rana ta uku ya ce sai ya kai mu inda aka binne su. Mun sha tambaya kafin mu samu, don gidaje sun kewaye wurin. Ramuka ne kawai a cikin dutse, da ciyawa. Babu sarki ko ɗaya. Akwatin dutsen Sarki Maraya yana Faransa, na ubansa yana Santambul. Ustaz ya ce yaron ya sa an rubuta a kan nasa cewa an fizge shi kafin lokacinsa, shi maraya ne ɗan gwauruwa. Uban kuma ya rubuta roƙo ga duk wanda ya sami akwatin, cewa babu zinariya babu azurfa a ciki, shi kaɗai ne kwance, kada a buɗe, kada a dame shi. Ustaz ya juyo wajen Baba.

“Mutum ya roƙe ka da bakinsa, ka karanta roƙon, sannan ka sa ƙarfe ka buɗe. Ka gaya mini, ya Abu Ramla, kai da ka san hakkin matattu, wane irin mutum ne zai yi haka?”

Baba ya ce Allah ya kyauta. A hanyar komawa ya ja ni baya ya ce halas, shi ke nan, ba zai iya faɗa masa ba. Ya ce tsohon nan kwana nawa ya rage masa, don me zai ƙwace masa abu ɗaya da yake jingina da shi? Na ce duk yadda ya gani. Amma ranar ko kifin da aka soya don shi bai taɓa ba.

Rana ta huɗu muka fita bayan gari, bakin wani kogi, inda sarakunan suka gina wa abin bautarsu ɗaki a tsakiyar gonakin lemo. Manyan duwatsu ne jere a kan juna, kowane ya kai girman mota. Ustaz ya ce wani sarki da ya zo bayan Maraya ya sa an sassaƙa sunansa a duwatsun, amma ta fuskar da ke kallon ciki, inda ido ba ya gani. Na yi ta tunanin wannan, suna yana nan a rubuce amma an juya shi ga duhu. A can ƙasa akwai wata kujerar dutse, da wasu dabbobi masu fikafikai a gefenta biyu, babu kowa a kanta. Ƙamshin furen lemo ya cika wurin. Ustaz ya gaji, Salma ta zaunar da shi a kan wani dutse kusa da kujerar.

Ban san abin da ya sauya ran Baba ba. Kawai na ga ya cire takalmansa, ya je gaban Ustaz ya tsuguna, irin tsugunon da muke yi wa manya a gida. Ustaz ya ji motsinsa ya ce ya tashi, mene ne haka. Baba ya ce a bar shi a nan, daga nan maganar za ta fi fita. Ya faɗi komai da Larabcinsa na Jidda, bai yi kwana ba. Layin ya kai lokacinsa, an buɗe, shekara huɗu ke nan, kuma shi ne ya buɗe da hannunsa.

Salma ta rufe bakinta. Ustaz ya juyo da fuskarsa wajen Baba. Da ya yi magana, a hankali ya yi.

“Salla takwas na tambaye ka.”

“Salla takwas na ji kunyarka, ya Ustaz.”

“Wa ka saka mata?”

Baba bai kalle shi ba, ni ya kalla.

“Ummu Ramla.”

Na zauna a ƙasa inda nake. Baba ya ci gaba. Ya ce makon da Inna ta rasu shi ne makon da aka iso layi na huɗu, an buɗe kabari na biyar, an buɗe na shida. Ya san na bakwai ba zai kwana uku ba, kuma wani ne zai shiga, a saka mata wadda ba ta sani ba. Sai ya roƙi abokan aikinsa su bar masa. Ya shiga shi kaɗai, ya tattara Sitti Wafa bai bar ko ɗan yatsa ba, ya naɗe ta a sabon farin yadi da ya yanko daga likkafanin Inna, ya kwantar da ita ta wajen alƙibla. Sannan ya karɓi matarsa ya kwantar a gefenta. Ya ce amana ta farko ya riƙe, ta biyu ta fi ƙarfinsa, abin da ya iya ke nan.

Ustaz ya daɗe yana juya sandarsa. Hawaye suna bin ramukan fuskarsa bai share ba. Can ya ce akwai abin da ya ɓoye mana jiya, don yana son sarkin nan ba ya son a rage masa daraja. Akwatin da Sarki Kar-a-taɓa ya kwanta a ciki ba nasa ba ne. Na wani sarkin yaƙin Masar ne aka kawo, har sunan mai shi yana jiki ba a goge ba, sarkin ya ƙara nasa rubutun a ƙasa. Ya ce shekara arba'in yana koyar da wannan, bai taɓa tsayawa ya yi tunanin cewa su biyu ne a dutse ɗaya ba.

Ya miƙa hannu yana lalube har ya sami kafaɗar Baba.

“Wafa ko ɗaki ba ta iya zama ita kaɗai. Shekarun nan duk abin da ke cina ke nan, na bar ta a ƙasar da ba ta san kowa ba. Da ka gaya mini tun ranar, da na sami barci. Wannan kam ka cuce ni, ya akhi, ɗan'uwana. Tashi, gwiwoyinka ba na yaro ba ne.”

Salma ta zo ta zauna kusa da ni a ƙasa, da farin wandonta. Can ta ce tana fata dai Innata ta gama koya wa tata gaisuwar nan. Muka yi dariya da majina da komai, har mai gadin wurin ya leƙo.

Ranar dawowa Ustaz ya rako mu har bakin matakala. Wannan karon Baba ya ƙirga sumba uku daidai. An cika mana jaka da sabulu da wani biskit mai narkewa a baki, mu kuma muka bar musu sauran yajin. Hanyar dawowa babu abin faɗa, sai dai Baba ya yi barci tun kafin jirgi ya tashi, har da minshari.

Juma'ar da ta biyo baya ya ce in shirya. Muka hau mota har maƙabartar, amma bai nufi ƙofa ba, tunda mata ba sa shiga. Ya bi da ni ta bayan katanga, gefen titi, yana ƙirga taku. Ya tsaya wajen wani fashi a jikin siminti, ya ɗora tafinsa ya ce daga nan, bakwai. Motoci suna wucewa a bayanmu. Na yi musu sallama su biyu, na yi addu'a, na ciro reshen rihan daga littafina, ya bushe amma ƙamshin yana nan, na soka shi a fashin.

Da Salla ta zo wayar ta yi ƙara tun ba mu gama karyawa ba. Baba ya buɗe murya don in ji. Suka gaisa, aka tambayi ƙafa, aka tambayi ido. Sai Ustaz ya ce, “Matan nan fa?”

Baba ya ce, “Suna nan tare. Ramla ma ta san gidan.”